Amai Bayan Tiyata: Abin Yi da Abin Bari

Kusan mutum 1 cikin 3 da aka yi wa aiki da allurar barci kan farka da tashin zuciya ko amai, kuma yunƙurin amai a kan ɗanyen ɗinki azaba ce. Maganin ya fi ci idan an ba da shi tun aman bai zo ba. Don haka, ko a babban asibitin Tiga za a yi muku aikin, ko na Tudun Wada ko Doguwa, ko daga Kiru aka tura ku Asibitin Murtala a Kano, ku kiyaye waɗannan.

1. Ku faɗa wa mai allurar barci gaskiya. In mota na sa ku amai, irin wanda kan kama mutum tun kafin a fita dajin Falgore, ku faɗa. In kun taɓa amai bayan wani aikin, ku faɗa. Mata da waɗanda ba sa shan taba sun fi fuskantar matsalar. Da wannan bayani ne zai san ko magani ɗaya ya isa ko sai ya haɗa biyu: deksametazon a farkon aiki, ondansitiron dab da kammalawa.

2. Kada ku ɓoye ƙwayar da kuke sha. Mai shan taramol ya faɗa. Mai shan "sha ka fashe" don neman ƙiba ita ma ta faɗa, domin sau da yawa deksametazon ne a ciki, kuma jikin da ya saba da shi yakan ba da wahala a teburin aiki. Mai ciwon suga ya yi magana, deksametazon na ɗaga suga. Kunya ba ta da wuri a ɗakin tiyata.

3. Kada ku ci abinci awa 6 kafin aiki. Koko da fura da madara duk abinci ne. Ruwa zalla ma a daina awa 2 kafin lokaci, sai in likita ya ce a daina tun kafin nan. Masu jinya, ku ne kuka fi karya wannan doka da sunan tausayi. Wanda ya yi amai yana cikin barcin allura, abincin na iya gangarawa huhunsa ya kashe shi.

4. Kada a sayo Maxolon ko Phenergan a kemis a ba mara lafiya a ɓoye. Na farkon kan sandarar da wuya ya juya idanu, musamman ga matasa, sai a ce iska ce. Na biyun yana ƙara barci a kan barci. Jiƙo ma ya jira.

5. In ya farka, a kwantar da shi a gefe guda. Kada a ba shi ko kurɓin ruwa sai nas ta yi izini, balle tuwo.

6. In allurar rage zafi irin su fenta ce ke tayar da zuciya, ku sanar, akwai madadinta.

7. Bayan sallama, in aman ya ƙi tsayawa, ko ya zama kore, ko da jini, ko ciki ya kumbura babu tusa babu bayan gida, wannan ya wuce maganin amai. Mai yiwuwa hanji ne ya tsaya. Ko daga Riruwai kuke, ku nemi mota ku koma asibiti a ranar, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.