Ƙarancin Oksijin a Sararin Sama da Tanadin da Aka Yi wa Matuƙan Jirgi

Gabatarwa

A ranar 15 ga Afrilu, 1875, wasu Faransawa uku, Gaston Tissandier da Joseph Crocé-Spinelli da Théodore Sivel, suka tashi daga birnin Faris cikin wani balan-balan mai suna Zénith. Sun ɗauki guzurin iskar oksijin a jakunkuna bisa shawarar masanin aikin jiki, Paul Bert. Da suka kai wajen mita 8,000 sai jikinsu ya mutu, suka kasa kai bututun iskar bakinsu. Tissandier kaɗai ya sauko da rai. Abin tambaya shi ne, me ya hana mutum uku masu ilmi shaƙar iskar da ke kusa da hannunsu? Amsar wannan tambaya ita ce tushen duk tanadin da ake yi wa matuƙan jirgin sama a yau.

Abin da ke Faruwa a Jiki

Mutane da yawa suna zaton babu oksijin a can sama. Ba haka abin yake ba. Kashi 21 cikin ɗari na iska oksijin ne, ko a bakin teku ko a inda jiragen fasinja ke tafiya. Abin da ke raguwa shi ne matsin iska, wato ƙarfin da ke tura oksijin daga ƙananan jakunkunan huhu zuwa cikin jini, inda sinadarin himogulobin na jajayen ƙwayoyin jini ke ɗaukarsa. A bakin teku matsin iska milimita 760 ne a ma'aunin zaiba. A tsayin mita 5,500 yakan koma rabi, a mita 10,700 kuwa, wato ƙafa 35,000, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A nan ko mutum ya cika huhunsa fal, kaɗan ne zai ratsa cikin jini.

Ƙwaƙwalwa ce ke fara jin jiki. Nauyinta kamar kashi 2 cikin ɗari ne na nauyin mutum, amma tana cin kusan kashi 20 cikin ɗari na oksijin da jiki ke amfani da shi, kuma ba ta da rumbun ajiya. Bugu da ƙari, abin da ya fi sa mutum jin numfashinsa ya sarƙe shi ne taruwar iskar kabon-dayoksaid a jini, ba ƙarancin oksijin ba. Tun da a sama ana ci gaba da fitar da wannan iska, mutum ba ya jin wani ƙunci sosai. Sai dai gani ya dusashe, leɓe da farce su sauya launi, lissafi ya rikice, wani ma ya ji nishaɗi. Wato gaɓar da ya kamata ta gane haɗari ita ce haɗarin ya fara kamawa.

Masana sun auna lokacin da mutum ke iya aiki da hankalinsa idan oksijin ya yanke. A ƙafa 25,000 minti 3 ne zuwa 5. A ƙafa 35,000 daƙiƙa 30 ne zuwa 60. A ƙafa 40,000 kuwa daƙiƙa 15 ne zuwa 20 kacal.

Yadda Tanadin ke Aiki

Kariya ta farko ita ce matse iska a cikin jirgi, ta yadda na ciki zai zama kamar wanda ke tsayin da bai wuce ƙafa 8,000 ba. Wannan ya yi daidai da ƙololuwar dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba, mai tsayin mita 2,419. Idan wannan tsari ya lalace, sai a koma ga kariya ta biyu.

Matuƙa suna da tukunyar oksijin tasu daban, wadda ake cikawa da busasshen oksijin don kada danshi ya daskare ya toshe bututu. Kusa da kujerar kowanne akwai takunkumin fuska da aka ƙera domin a iya sa shi da hannu ɗaya cikin daƙiƙa 5. A jikinsa akwai makirfo na magana, da kuma na'urar daidaitawa mai matsayi uku: na farko yana gauraya oksijin da iskar ɗaki gwargwadon tsayi, na biyu yana ba da oksijin zalla, na uku kuma yana tura shi da ƙarfi don kada hayaƙi ya kutsa. Kafin tashi, wajibi ne a duba ma'aunin tukunya, a danna maɓallin gwaji a ji fitar iska, a kuma tabbata babu mai ko maiƙo kusa da kayan, domin suna iya kamawa da wuta idan sun haɗu da oksijin mai matsi.

Idan ƙararrawa ta yi ƙara, tsarin aiki ɗaya ne: a sa takunkumi, a tabbata matuƙan biyu suna jin juna, sannan a nemi dalili, a kuma sauko zuwa ƙafa 10,000 ko tsayin da duwatsun wurin suka ƙyale. Takunkuman fasinja kuwa, a yawancin jirage sinadari ne ke samar musu da oksijin na wajen minti 12 ko fiye, abin da zai isa a sauko. Shi ya sa ake ce wa babba ya sa nasa kafin na yaro, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Darasin Shekarar 2005

A ranar 14 ga Agusta, 2005, jirgin kamfanin Helios, ƙirar Boeing 737, ya tashi daga Larnaka ta tsibirin Saifurus zuwa Atina ta ƙasar Girka. An bar maɓallin matsin iska a matsayin sarrafawa da hannu bayan wani gwaji da aka yi a ƙasa. Da ƙararrawa ta yi ƙara, matuƙan suka ɗauka wata matsala ce daban, suka shiga bincike ba tare da takunkumi ba, har hankalinsu ya gushe. Jirgin ya ci gaba da tuƙa kansa har mai ya ƙare, ya faɗi kusa da ƙauyen Giramatiko. Duk mutum 121 da ke ciki suka rasu.

Kammalawa

Shekara 130 ne tsakanin Zénith da Helios, amma illar ɗaya ce: oksijin na kusa, hankalin da zai sa a ɗauko shi ya riga ya tafi. Saboda haka ake horar da matuƙi ya bi ƙa'ida, kada ya jira sai ya ji alama a jikinsa.

Aiki ga Ɗalibai

1. A lissafa kashi 21 cikin ɗari na milimita 760 da 380 da 180, a bayyana abin da amsoshin ke nufi ga huhu.
2. Don me riƙe numfashi ke sa ƙunci nan da nan, alhali hawa sama ba ya sawa?