Yadda Ake Ciyar da Tankin Bayogas Har Wutarsa Ta Ɗore

Duk makiyayi ya san ciyawa kaɗai ba ta riƙe saniya, sai da kanwa. Tankin bayogas ma tumbi ne, cike da ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma su ma suna da tasu kanwar. A Madalla abin ciyar da su bai yi wuya ba: ga kashin shanu a rugagen da ke kewayen Dutsen Zuma, ga na kaji, ga ɓawon doya da na rogo tuli a kasuwa. Gwaninta tana wajen haɗawa.

Fara da ɗanyen kashin shanu, wanda rana ba ta busar ba. Dama bokiti ɗaya da bokitin ruwa ɗaya har ya yi kaurin kunu. In kana da hanya a kwata, karɓo dattin tumbi ka zuba, don halittun da ke samar da iskar girki suna nan a raye cikinsa. Rufe tanki ka jira mako 2 zuwa 4. Gas na farko a sake shi ya tafi, kada a kusantar da ashana, domin yana gauraye da iska.

Sai daidaita cima. Halittun suna son kabon kashi 20 zuwa 30 a kan naitirojin kashi 1, kuma kashin shanu kusan haka yake tun asali. Na kaji naitirojin ya yi masa yawa. In ka cika shi, amoniya ta taru ta kashe aiki. Ɓawon doya, ragowar tuwo da shinkafa kuwa suna saurin tsami. Saboda haka kashin shanu ya zama rabin abincin kullum ko fiye, sauran su zama mahaɗi. Ɓawon rogo a shanya shi tukuna, gubarsa ta ragu. Ɓawon lemo da garin katako, a bar su waje.

Yanzu ga batun kanwar, inda aka fi yin sakaci. Halittun nan ba sa iya aiki sai da ɗan burbushin ƙarfe, nikel, kobal, molibdinam da seleniyam. Matakin ƙarshe na samar da iskar girki a kan nikel ya dogara, kobal kuma shi ne zuciyar bitamin B12 da suke buƙata. Abin da ake nema ɗan mitsitsi ne, amma in babu shi, tanki yana cike da abinci yana yunwa. An ga haka a Ingila, inda tankunan da ke cin ragowar abinci zalla suka riƙa tsami suna tsayawa, har masu bincike a Jami'ar Southampton suka nuna a 2012 cewa ƙara seleniyam da kobal yana gyara lamarin. Kai ba ka buƙatar sayen hodar ma'adinai ta kanti: saniya ta riga ta tattaro maka ma'adinan daga ciyawa da ƙasa. Wanda ya ga ragowar abinci tana ba da gas da yawa ya daina zuba kashin shanu, shi ne zai sha mamaki bayan 'yan watanni. A ganina, awon hodar nan da ka ya fi rashinta haɗari, tunda nikel ko tagulla in sun wuce kima guba ne.

In gas yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, sulfa ce, kuma tana ɗaure ma'adinan ta hana halittun cin moriyarsu. Sa gwangwani cike da soson ƙarfe mai tsatsa a kan bututu ya tace gas ɗin, ka kuma rage kashin kaji.

Kullum duba wutar. Shuɗiya mai tsayuwa lafiya ce. In tana tsalle tana mutuwa, ruwan da ke fita kuma yana warin tsami, tsoma takardar gwajin pH. Ana son 6.8 zuwa 7.5. In ya sauka, dakatar da abinci kwana 3 zuwa 7, ka zuba ruwan toka ko jiƙaƙƙiyar kanwa kaɗan-kaɗan kana gwadawa, sannan ka dawo da kashin shanu zalla. Ruwan Omo, Dettol da kashin dabbar da ke kan allurar magani kada su shiga ko da wasa.

Da hunturu ya kama, halittun suna yin sanyin jiki, don sun fi son zafin digiri 30 zuwa 38. Rage musu abinci, ka lulluɓe tankin da buhuna, ka dama abincin da ruwan da ya sha rana.