Ungulu Ba Ta Jewar Banza: Yadda Tsuntsaye Ke Koyon Neman Abinci

Malam Bahaushe ya ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To, ko neman abinci ma gadon gida ne? Masana ilmin halittu sun raba amsar gida uku. Akwai abin da tsuntsu ya gada tun daga ƙwai, kamar yadda ɗan tsako kan fara tsattsaga ba wanda ya nuna masa. Akwai ƙirƙira, wato tsuntsu ɗaya ya gano wata dabara da ba a san irinsa da ita ba. Sannan akwai koyi, wato sauran su gani su ɗauka. Biyun ƙarshe su ne darasinmu.

Misalai daga gida

Balbela tsuntsuwar makiyaya ce. Takan bi shanu domin kofatonsu na tayar da fara da sauran ƙwari daga cikin ciyawa. Amma a birnin Kano mai karatu zai iya ganinta a kan juji, da bakin kududdufi, da kewayen Abbatuwa, tana cafkar ƙudaje da tsutsa. Ta sake wurin kiwo ke nan, kuma inda ɗaya ta sauka nan 'yan uwanta kan taru. Haka shirwa, da zarar ta hango hayaƙin gobarar daji sai ta nufi wurin, domin wuta na koro fara.

Ungulu ce ta fi kowa dogara da 'yan uwanta. Ungulun ƙasashenmu da ido take neman mushe. Takan hau iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa da hantsi, ta yi ta jewa, ido ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan sauran ungulaye. Da ɗaya ta karkata ta sauka, sai na nesa su biyo ta, na bayansu su biyo su. Wannan shi ne mataki mafi sauƙi na koyi: jan hankalin wani zuwa inda abinci yake.

Kwalbar madara da akwatin gwaji

Mataki na gaba shi ne ɗaukar ita kanta dabarar. A shekarar 1921, a garin Swaythling na ƙasar Ingila, aka fara lura da wani ƙaramin tsuntsu da Turawa ke kira tit yana huda murfin kwalaben madara da ake ajiyewa a ƙofar gida da asuba, yana shan maiƙon da ya taru a sama. A 1949 James Fisher da Robert Hinde suka tattara rahotanni, suka nuna yadda ɗabi'ar ta bazu a garuruwa da dama.

Amma fa yaɗuwa kaɗai ba hujja ba ce, domin yana yiwuwa kowane tsuntsu shi ya gano wa kansa. Saboda haka Lucy Aplin da abokan aikinta suka yi gwaji a dajin Wytham kusa da Jami'ar Oxford, suka buga sakamakon a 2015. Sun ƙera akwati mai ƙofa da ake turawa hagu ko dama a sami tsutsa. Suka kama tsuntsaye biyu daga kowane garke, suka koya wa wasu hagu, wasu dama, suka sake su. Cikin kwana 20 kimanin kashi 75 cikin 100 na tsuntsayen suka iya buɗe akwatin, kuma kowane garke ya fi bin ɓangaren da aka koya wa malamansa, alhali duk ɓangarorin biyu abinci ɗaya suke bayarwa. Da aka mayar da akwatunan bayan watanni, har sababbin tsuntsaye suka bi sawun na da. Masana suka kira wannan al'ada, kamar yadda ake gadon sana'ar rini a Ƙofar Mata ta hanyar zama kusa da gwani.

Abin da ke cikin haɗari

Ilmin da ke yawo tsakanin jama'a yakan raunana idan jama'ar ta ragu. Dattawan birni sun san lokacin da ungulaye ke cika mayanka da kan rimi da kuka. Yau ganinsu ya yi wuya. Guba da ake sa wa mushe, da farautarsu don sayar da sassan jikinsu ga masu magani, da sare manyan itatuwa, duk sun taru sun rage su. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun gari cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Idan idanun da ke sama suka yi kaɗan, mushe yakan daɗe ba a gano shi ba, ungulayen da suka rage su sha yunwa, mushen kuma ya zama na ƙudaje da karnuka. Ƙasar Indiya ta ga haka bayan da maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe mafi yawan ungulayenta tun daga shekarun 1990.

Aiki ga ɗalibai

Malami ya raba aji ƙungiya-ƙungiya. Kowace ƙungiya ta zuba gero a faifai biyu, ta rufe ɗaya da ganye, ta ajiye a wuri guda kullum da safe har mako biyu. A rubuta wane irin tsuntsu ya fara sauka, minti nawa ya wuce kafin na biyu ya biyo, da ranar da aka fara ɗaga ganyen. Daga nan a tattauna: wanne ne gado, wanne ne ƙirƙira, wanne ne koyi? Wace hujja kuka dogara da ita?