Buri Ga Wanda Ciwo Ya Kwantar

Jama'a, ku sani cewa mutumin da ya karye a ƙashin baya, ko ɓarin jikinsa ya shanye, ko wata doguwar cuta ta zaunar da shi, yana fama da wani ciwo na biyu wanda likita ba ya gani a hoto, shi ne ya wayi gari bai san dalilin da zai sa ya yunƙura ba.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ko a Turai, wanda lakarsa ta tsinke kusan cikin matattu ake lissafa shi, domin kwantar da shi kawai akan yi har gyambon kwanciya da cutar mafitsara su ƙarasa shi. A shekarar 1944 gwamnatin Ingila ta damƙa wa wani likita Bayahude, Ludwig Guttmann, wanda ya tsere daga Jamus a 1939, sashen masu irin wannan rauni a asibitin Stoke Mandeville. Ya kafa doka a riƙa juya kowane maras lafiya bayan awa bibbiyu, dare da rana. Amma da ya ga jiki ya murmure alhali zuciya tana kwance, sai ya shigo da sana'a da wasa, wannan yana gyaran agogo, wancan yana aikin katako. Ran 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a Landan, mutum 16 bisa keken guragu suka yi gasar harbin kibiya a filin asibitin, daga nan kuwa al'amari ya bunƙasa har aka kai ga gasar birnin Rum ta 1960, inda wajen mutum 400 daga ƙasashe 23 suka hallara. Guttmann bai mayar musu da ƙafafu ba, amma ya ba kowannensu abin da zai auna gobe.

Mu kuwa, tausayinmu yakan wuce gona da iri. A ba wa maras lafiya abinci a baki, a ɗauke masa buta, masu dubiya su cika ɗaki da "Allah ya sawwaƙe", kana kowa ya watse ba wanda ya tambaye shi abin da yake marmarin komawa gare shi. Addu'a wajiba ce, amma malamai sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙon sababi, shari'ar da ta yi wa maras lafiya rangwame ya yi salla a zaune kuwa ba ta ce ya bar ta ba.

Na san wani dattijo tela wanda hawan jini ya shanye masa hannun dama. Masu gashin ƙashi sun yi ta fama ya matsa ƙwallon roba, yana ƙi, yana cewa shi ba yaro ba ne. Ni ma, gaskiya, ban ga laifinsa ba. Sai da aka tambaye shi, ya ce abin da ke ƙona masa rai shi ne jikansa ke yi masa alwala. Aka yanka masa wannan buri gunduwa-gunduwa: ya fara riƙe butar da ba ruwa, sannan mai rabin ruwa, sannan ya karkata ta ba tare da ya jiƙa tabarma ba. Allura dai har yau ba ta zaruwa a hannunsa, amma kafin damina ta ɗauke, shi yake wanke fuskarsa da asuba, yaron yana tsaye yana haska masa fitila.