Shawara Ɗaukar Ɗaki: Muryar Malamai a Makarantun Sakandare

Darasinmu na wannan wata yana kan tambaya guda: wane ne yake yanke shawara a makarantun sakandare inda 'ya'yanmu suke karatu? Kada mu ɗauka wannan zancen malamai ne kaɗai, gama abin da aka yanke a ofishin shugaban makaranta, a kan ɗanka da 'yarka yake sauka.

Bari mu tuna da tarihi. Makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke nan Kawo, a dā ta mishan ɗin Anglika ce, sunanta St. Faith's College. Kwalejin Rimi ita ce St. John's College wadda Fada-fadan SMA suka buɗe a 1949, Kwalejin Queen Amina ta Kakuri kuwa ita ce Queen of Apostles. A 1972 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓi waɗannan makarantu. Ko a zamanin mishan, ikon yana hannun shugaban makaranta, amma yana kusa, malami yana iya samunsa ya faɗi damuwarsa. Bayan karɓar, ɗaukar malamai da yi musu canjin wurin aiki suka koma ma'aikatar ilimi, shawara ta ƙara nisa da aji.

Me ya sa ya kamata a saurari malami? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malami ne ya san ɗalibin da yake zuwa da yunwa, da wanda ya shiga aji uku bai iya karatu ba. Tun da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, makin da malami yake bayarwa cikin zangon karatu ya shiga sakamakon ɗalibi. Yaya za mu amince da hukuncinsa a kan maki, sa'an nan mu ƙi jin ra'ayinsa a kan sauran al'amura?

Duniya ma ta yarda da haka. Ranar 5 ga Oktoba 1966, hukumar UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da shawarwari kan matsayin malamai, inda suka nemi a sa malamai cikin zaɓen littattafai da tsara manhaja. Saboda haka ne tun 1994 ake bikin Ranar Malamai ta Duniya a wannan rana. Majalisar Batikan ta Biyu kuma, cikin takardarta kan ilimi ta 1965, ta koyar cewa nasarar makarantar Katolika ta rataya ƙwarai a wuyan malamanta.

A ina za a fara? Na fari, jadawalin darasi da rabon azuzuwa: a tsara su tare da shugabannin sashe. Na biyu, horo: kada a kori ɗalibi sai kwamiti ya ji ta bakin malamin ajinsa. Na uku, kuɗi: a bayyana wa taron malamai yadda aka kashe abin da iyaye suka tara. Wannan ba ƙwace kujerar shugaba ba ne. Shi ne zai yanke, shi ne kuma zai amsa tambaya. Amma dokar da malamai suka sa hannu cikinta ba ta mutuwa a kan takarda.

Malamai kuma suna da nasu nauyin. Wanda ba ya zuwa taro, ko yake makara zuwa aji, ya raunana muryarsa da kansa.

Mu iyaye, in mun je taron ƙungiyar iyaye da malamai, bari mu yi tambaya cikin ladabi: sau nawa malamai suka zauna a wannan zango? Wace shawararsu aka yi aiki da ita? Mu tattauna waɗannan a zumuntar mata da ta maza, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.