Tsohon Gwani, Sabon Ɗalibi: Kira Ga Masu Komawa Aikin Haɗari Bayan Dogon Hutu

'Yan uwana na Gwarzo da Kabo da kewaye,

Ni tsohon sojan laima ne. A Jaji ta jihar Kaduna na samu horo, daga baya na yi shekaru ina koya wa matasan sojoji yadda ake dirowa daga jirgin sama. Akwai ƙa'ida guda a wannan aiki da nake ganin za ta ceci rayuka a garuruwanmu, ko da yake yawancinmu ba za mu taɓa rataya laima ba: duk wanda ya daɗe bai diro ba, komai gwanintarsa, ɗalibi ne har sai ya sake nuna ya iya.

Masu dirar laima don wasa kan fito daga jirgi a tsayin kusan mita 4,000, su yi ta faɗowa na kimanin minti ɗaya da gudun da ya kai kilomita 200 a awa kafin su buɗe laima. Ƙungiyarsu ta Amurka, USPA, ta kasa lasisi gida huɗu. Mai lasisin farko, wanda ake samu bayan dira 25, in ya yi kwana 60 bai diro ba sai ya koma hannun malami. Mai na biyu kwana 90 aka ba shi. Har mai lasisin ƙoli, wanda ya diro sau 500 ko fiye, in ya wuce kwana 180 sai an sake yi masa bita. Haka kuma dokar ƙasar ta ce laimar ko-ta-kwana, wadda ake buɗewa in babbar ta ƙi, dole ƙwararre ya warware ta ya duba ya sake naɗewa duk kwana 180, ko da ba a taɓa ta ba.

Me ya sa ake wannan tsanani? Abin da na gani a filin horo shi ne, wanda ya dawo daga dogon hutu ba ya manta yadda ake fita ƙofar jirgi. Jiki yana riƙe wannan. Abin da ke gushewa shi ne matakin gaggawa: in igiyoyi sun harɗe, ina hannu zai nufa, me zai fara ja, me zai biyo baya. Wanda ke cikin aiki hannunsa kan riga tunaninsa isa wurin. Wanda ya huta sai ya tsaya tunani, ƙasa kuwa ba ta jira. Shi ya sa muke rataye mutum a ƙasa cikin ɗamararsa, mu yi ta jefo masa matsaloli yana warwarewa, har sai hannun ya dawo. Sannan mu auna nauyinsa, domin laimar da ta ɗauke shi yana saurayi ba lalle ta sauke shi a hankali yau ba. Mafi wuyar sha'ani a wurinmu ba sabon ɗalibi ba ne, shi tsoro na sa shi sauraro. Tsohon hannu ne, mai cewa ai ya san komai.

To, mu dawo gida. Matashi ya yi shekaru yana ci-rani a Legas ko Abuja, ya dawo da damina, abokai su ja shi madatsar Guzuguzu ko ta Challawa da ke Ƙaraye. Ya tuna yana yaro yana ƙetare ruwa, bai san numfashinsa ya ragu ba, laka ta taru inda da yashi ne, rami ya buɗe inda da tudu ne. Hausawa sun riga sun faɗa, gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Wani ya jingine babur shekara biyu, ranar kasuwar Getso ya kakkaɓe ƙura ya ɗora buhu biyu ya hau titin Kano zuwa Dayi, tayoyi sun tsattsage, birki ya bushe. Tuƙi bai ɓace masa ba, amma in akuya ta gitta, wane birki zai fara takawa? Dattijo ya hau kuka ko ɗorawa da ƙarfin zuciyar ɗan shekara ashirin da gwiwar ɗan hamsin. Mahayi bai taɓa sirdi ba tun sallar bara, ko tun kafin 2020 da korona ta hana hawan sallah a Kano, ya zo yana son sukuwa da majayin da ya ruɓe a rataye. Mai haƙar rijiya da ya bar sana'a ya zura jiki cikin tsohuwar rijiya wadda iskar ƙasanta ba ta shaƙuwa, mai bin sa ceto shi ma ya tafi.

Shawarata ita ce tsarin da muke bi kafin mu mayar da mutum sama. Fara da kaya: taya, birki, igiya, majayi, linzami, a duba su da hannu, abin da ya tsufa a canja. Sannan ka dubi jikinka da gaskiya. In akwai hawan jini, ciwon suga, jiri ko raunin gani, je asibiti tukuna. Ka fara da ƙarami: bakin ruwa kafin tsakiya, fili kafin babban titi, babur ba kaya ba fasinja, da hular kwano a ka. Ka maimaita abin da za ka yi in abu ya ɓaci tun kana inda ba haɗari. Kada ka koma kai kaɗai; nemi wanda yake cikin aikin yanzu ya tsaya a kanka, ko da ƙanenka ne ko yaron da ka koya wa. Rijiya kuwa ba a shiga sai da igiya a ƙugu da majiya ƙarfi a sama, in wani ya suma a ciki a kira 'yan kwana-kwana.

Ajali na hannun Allah, babu musu, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Ina roƙon dagatai da masu unguwanni, limamai, sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa su riƙa tsayar da wanda ya daɗe da barin aiki su gwada shi kafin su sake shi. Iyaye mata, ku tambayi ɗanku da ya dawo daga tafiya kafin ya nufi ruwa. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.