Maganin Matsuwar Fitsari da Ƙwayar Maganiziyam: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Jama'ar kasuwar Habbena da iyalanku, akwai larurar da mutane ke jin kunyar faɗa: fitsari ya matsa wa mutum farat ɗaya, ya bar rumfa da mai saye a tsaye, wani lokaci ma ya zubo kafin ya kai makewayi. Wannan na faruwa idan tsokar mafitsara tana matsewa tun ba ta cika ba. Likita kan rubuta magani irin su oksibutinin domin ya kwantar da ita.

Da yawa cikinku kuna ƙara ƙwayar maganiziyam, irin su Magné B6, wadda kuke saya a Njamena ko ku tsallaka gadar Ngeli ku sayo a Kusiri, saboda an ce tana sassauta tsoka. Amma ba a tabbatar tana warkar da wannan larura ba, don haka kada ku ajiye maganin likita saboda ita. Yawanci ba ta karo da oksibutinin kai tsaye, sai dai akwai wurare uku da ake tuntuɓe.

Na farko, ƙoda. Ita ke fitar da rarar maganiziyam daga jiki. Mai ciwon ƙoda, da tsoho, da wanda ya daɗe da ciwon suga ko hawan jini, kada su sha sai an auna su, domin idan ya taru yana jawo kasala da saukar jini da rikicewar bugun zuciya.

Na biyu, maganin ƙwayoyin cuta. Idan an ba ku siprofuloksasin ko doksisaikilin, maganiziyam yana kama shi a hanji ya hana shi shiga jini. Ku sha maganin awa 2 kafin maganiziyam, ko awa 6 bayansa. Ku tuna magungunan ƙwarnafi irin su Maalox ma suna ɗauke da shi.

Na uku, zafi. Oksibutinin yana busar da baki, yana rage gumi. Maganiziyam mai yawa kuwa yana sa gudawa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Njamena ke haura digiri 40, haɗuwarsu na iya kayar da mai wuni a rana. Kada ku ƙi shan ruwa don tsoron fitsari. Shayi mai kauri da kofi za ku rage. Hukumomin lafiya na Amurka sun ƙayyade wa baligi miligiram 350 a rana daga ƙwaya. Gero da wake da gyaɗa da riɗi kuwa suna ba da maganiziyam ba tare da wannan haɗari ba.

Idan kun ga jini a fitsari, ko zafi wajen yinsa, ko zazzaɓi, ko fitsari ya ƙi fita, ku je asibiti ranar nan. Ku zuba duk magungunan da kuke sha a leda ɗaya, har da na mai talla da na gargajiya, ku nuna wa ma'aikacin lafiya.